Shekarar da Na Warware Rigar Alhaji Mamman

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso inuwa. Na ji abin da ɗayarku ta faɗa kuna shigowa, wai ta ga yadda ake aikin riga da allura a waya, kafin Sallah ta ƙware. Ban ji haushi ba. Wanda bai taɓa zama da allura daga hantsi har azahar ba gani yake aikin masu hutu ne. Bari in gaya muku yadda na same shi, sannan kowacce ta yanke wa kanta shawara.

A Kudan na koya, a hannun Gwaggo Hansai, ƙanwar babana. Ita kuma a wurin mahaifinsu ta ɗauka, tun ana ganin aikin babbar riga na maza ne. Da aka kai ni gidanta ban taɓa yadi ba sai da damina ta shiga ta fita. Aikina wanke hannu, warware zare, da jan sa a kan dunƙulen kakin zuma don kada ya yi gashi ya tsinke. Kayan aikinta duka a cikin wani tsohon gwangwanin alewa suke: allurai ƙanana da manya, reza, almakashi, guntuwar fata da take ɗaurawa a yatsa, da ƙayar beguwa wadda take huda yadi da ita in za a yi ƙananan idanun nan da kuke gani a ƙirjin riga. Da ta yarda na fara, a kan ƙyallen akoko ne. In na wuni ina cika gida ɗaya na zanen, sai ta karɓa ta juya bayansa. "Fuska kowa yana iya gyara ta," in ji ta. "Baya nake son gani." In ta ga ƙulli, ko zare ya yi tsalle, ba ta faɗa. Reza kawai take miƙo mini. Abin da na warware a gidan nan ya fi abin da na ɗinka yawa.

A ƙarshen rayuwarta idon ya tafi. Nakan je gaishe ta in same ta a bakin ƙofa, yatsunta suna murza gefen zaninta kamar da allura a hannun. Duk mai wannan sana'a ya san haka takan ƙare wa wasu. Ba ma dai zancensa.

Rigar farko da na yi ni kaɗai, bayan an kawo ni nan Malikanchi gidan mijina Malam Idi, ta wani ango ce daga Gubuchi. Farar shadda, aska biyu. Aska ita ce dogon zanen nan mai tsini da ke saukowa daga wuya zuwa aljihu. Mai zane ya zana ta da tawada, ni kuma cikawa ce tawa. Ina tsakiyar aiki allura ta shige mini yatsa, jini ya ɗiga a kan farin. Na tuna abin da Gwaggo ta nuna mini, na jiƙa zare da yawuna na yi ta dangwalawa har ya fita. Da na bari ya bushe, ko na sa masa ruwan zafi, da rigar mutane ta tafi. Angon bai taɓa sani ba. Abin da ya dame shi kawai, wai zaren bai kai ƙyallin na abokinsa ba.

Aikin allura ba ya zuwa kullum. Yana zuwa in manoma sun sayar da amfani, yana zuwa gabanin Sallah, sai kuma ya ɗauke kamar ba a taɓa yi ba. Shi ya sa kuka ga lambun nan a bayan ɗakina. Da damina kuɓewa, yakuwa, rama da kabewa. Ruwa na ɗaukewa in yi renon tumatir da tattasai a gindin rijiya, in rufe da ciyawa, in sun yi ƙwari in dasa su a fangali, in zuba kashin awaki da toka. Amma lambu da allura ba sa shiri a hannu ɗaya. Ƙasa tana faskara fata, fata mai faso kuma tana kama zare ta ja shi. Don haka ɗinki da safe, lokacin da haske ke da kyau hannu kuma da laushi, ban ruwa da la'asar, sannan in shafa man kaɗe. Wadda ta juya wannan tsarin za ta gani a yadinta.

Da keken surfani ya cika gari, sabon aiki ya ragu. Yaro zai gama a wuni abin da nake wata ina yi. Abin da ya rage mana shi ne tsofaffin riguna, waɗanda keke ba ya iya taɓawa don zai yayyaga su. A nan sunana ya fita, har daga Maƙarfi da Ikara ana kawo mini gyara.

Rigar Alhaji Mamman ta zo ne a shekarar da azumi ya faɗo cikin zafi. Dattijo ne daga Kurmin Kogi, manomin rake. Ya yi sallama, Malam ya shigo da shi zaure, aka kira ni. Bayan mun gama gaisawa, ya tambayi yara, ya tambayi ibada, sai ya kwance wani ƙunshi a kan tabarma da hannu biyu. Saƙi ce, saƙar hannu, baƙa mai ɗigon fari, an haɗa ta da sirara-siraran ƙyallaye kamar yadda ake yi a da. Aikinta aska takwas, da zaren tsamiya, irin wanda ake kaɗawa daga gidan tsutsar daji. Yanzu ko a Zariya da wuya ka same shi. Gara ta shiga akwatin ta ci rabin aljihu da askar da ke kusa da wuya, ɗinkin da ya haɗa ƙyallayen kuma duk ya ruɓe.

"Malama Asabe, ta mahaifina ce," in ji shi. "A cikinta yake zuwa Idi, ina riƙe da hannunsa. Ƙannena sun ce in jefar. Ni kuwa so nake in sa ta wannan Sallar, don ban san ko zan ga wata ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba facin sama za a yi mata ba. Sai an warware ta."

"Warwarewa kamar yaya?"

"A raba ta, a cire inda ya ruɓe, a ɗauko mai lafiya daga cikin shafi inda ido ba ya gani, a mayar. Zaren ma daga jikinta zan zaro."

Ya daɗe yana kallon rigar. Sannan ya ce, "Ke kika san aikinki. Amana ce."

Haka na yi. Na kwashe farkon azumi ina bin ta da reza a hankali, ɗinki bayan ɗinki. Na zaro tsamiya daga bayan wuya da ƙasan aljihu, na nannaɗe a kan kara. Na raba ƙyallayen na jera su a cikin wani tsohon zani. Wanne ne ke bin wanne, ina ne aska ta karya, gida nawa ne a cikin inda gara ta ci, duk a kaina suke, don haka aka koya mana. Ba a rubutawa. Kana kallon riga har ta zauna maka a ido, sannan ka taɓa ta.

A daidai lokacin nan tsutsa ta sauka wa tumatir. Ku da kuke yara ba lalle ku tuna ba. Wata 'yar ƙaramar aba ce, tana shiga tsakanin fatar ganye ta yi ta ci daga ciki. Yau ka ga farin zane-zane a ganye, jibi lambu ya ƙone kamar an bi shi da wuta. 'Ya'yan kuma ka tsinko ja jawur, ka matsa, baƙin ruwa ya fito. Daga fadamun Kudan har nan babu wanda ta bari. Manyan manoma suna zaune a bakin gona sun haɗa tagumi. Aka shiga feshi ba ji ba gani. Maganin da aka sani ya ƙi ci, sai mutane suka koma haɗa wannan da wancan, ana sayarwa a gorar ruwa ba suna ba takarda. Malam ya sayo irin wannan a kasuwa, ya aro famfon feshi a wurin wani maƙwabci. Tsohon famfo ne, an ɗaure bakin tiyonsa da roba.

Bayan la'asar muka shiga lambun. Shi yana goye da famfon yana bugawa, ni ina gabansa da kara ina ɗaga ganye don maganin ya shiga ƙasa. Sai bakin ya toshe. Ya ƙara bugawa da ƙarfi, na sunkuya in duba. Robar ta tsinke, tiyon ya fisge, abin ya watso mini a fuska gaba ɗaya.

Na sha barkono a ido, na sha hayaƙin ɗanyen itace. Wannan daban ne. Ji na yi kamar an ɗora mini garwashi an danne. Na faɗi a cikin fangali ina salati. Na buɗe ido da ƙarfi don in ga Malam, ban ga komai ba sai fari. Ina jin muryarsa yana "Innalillahi, Asabe, Asabe," yana neman kwance famfon ya kasa.

Mata suka cika gidan. Wata ta ce a ɗiga nonon mai jego. Wata ta ce manja. Wata har ta tafi jiƙo sukari. Allah ya kawo Maman Saratu, maƙwabciyata ta bayan darni. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, mijinta malamin firamare, ita kuma ta taɓa aikin shara a asibiti. Ita ta koya mini saƙar kwarashi, ni ina ba ta irin dashe. Ba ta bi ta ƙofa ba, darnin ta keta ta shigo.

"Kada wanda ya sa mata komai!" in ji ta. "Ruwa! Malam, ja ruwa, kada ka tsaya!"

Ta kwantar da kaina a cinyarta, ta ɓare mini fatar ido da yatsunta, tana kwarara. Ruwan yana shiga hancina yana shiga bakina. Na ce, "Azumina, Maman Saratu."

Ta ce, "Kya rama. Buɗe idon."

Ta ƙarar da randa, ta ƙarar da abin da Malam ya jawo, ta ce a ƙaro. Ina fisgewa tana danne ni da gwiwa. Daga baya likita ya ce ba don wannan ruwan ba da babu abin da zai duba.

Aka ɗora ni a babur zuwa Ikara, su kuma suka ce a wuce Zariya wurin masu ido. Can aka wanke, aka ɗiɗɗiga magani, aka naɗe idanun biyu da bandeji. Malam ya tambayi likitan, "Za ta gani?" Ya ce, "Mu jira mu ga abin da Allah zai yi." Ban ji daɗin yadda ya faɗe ta ba.

Kwanakin da na yi a gadon nan, a cikin duhu, abin da nake yi shi ne haɗa rigar a kaina. In fara daga kafaɗar hagu, ƙyalle mai yagewa a baki, sai mai faɗi, sai wanda askar farko ta hau. In na kai aljihu in dawo in sake. Da farko tana zuwa tsaf. Wata safiya na zo wurin wuya sai na tsaya. Askar da gara ta ci, ta ciki take karyawa ko ta waje? Jiya na sani. Na sake farawa, na sake tsayawa a nan. Gumi ya karyo mini har mai jinyar gadon kusa ta tambaye ni ko zazzaɓi ne. Kullum sai wani yanki ya ɓace. Ga rigar mutum a gutsuttsure cikin zani, ga wadda kaɗai ta san hanyarta kwance ba ido.

Aka yi ƙaramar Sallah ina asibiti. Da aka sallame ni an cire bandeji, amma haske ba ya shiguwa, sai na sa baƙin gilashi na zauna a ƙuryar ɗaki. Ina ganin inuwar mutum, ba na gane fuska. Lambun kuwa Malam ya tuge komai ya ƙone. Tun daga ranar nan maganarsa ta ragu. Shi yake ɗiga mini magani.

Ana nan sai ga sallamar Alhaji Mamman. Malam ya riƙo hannuna zuwa zaure. Dattijon ya yi jaje, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, "Malama, kada rigar nan ta zame miki nauyi. A ba ni ita yadda take, in koma da abata."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba yadda ka kawo ta take ba."

Malam ya ɗauko ƙunshin ya kwance. Ba na ganin fuskar Alhaji, amma ina jin yatsunsa suna ɗaga ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, yana ajiyewa. Ya kai ga karan da na nannaɗe tsamiyar, na ji ya juya shi.

"Wannan ce rigar Baba?" in ji shi. Ba da faɗa ya tambaya ba. Da ma faɗan ya yi.

"Ita ce. Babu abin da ya ɓata a ciki."

"Akwai wanda zai iya haɗa ta?"

Malam ya ce, "Alhaji, na tambaya a Zariya muna asibiti. Sun ce za su iya haɗawa su yi mata sabon aiki da zaren kanti. Amma yadda take a da, sai wanda ya gan ta kafin a warware."

Alhaji ya nannaɗe zanin da kansa, na ji ya ƙulle bakin. Ya turo shi gabana har ya taɓa gwiwata. "Ta zauna a nan. In Allah ya buɗe idon, to. In bai buɗe ba, a kai mini ita a haka, a sa a cikin kayana." Ya tashi ya yi sallama. Da na ji tashin babur ɗinsa na ɗora hannu a kan ƙunshin, ban iya ɗauka ba sai da Malam ya ɗauke.

Ruwan farko ya sauka kafin idon dama ya fara washewa. Na hagu kuwa har yau kamar ta cikin koko nake kallo da shi. Na daman ma bai dawo yadda yake ba. Abin da ke tsakiya ina ganinsa, amma layi miƙaƙƙe in ya yi tsawo sai in ga ya lanƙwashe. Bakin ƙofar can da kuke gani a miƙe, ni a karkace nake ganinsa. Likita ya ce in bar allura. Na ce to.

Ranar da na buɗe gwangwanina na kasa zura zare. Ido ɗaya ba ya sanin nisa. Ina kai zaren yana wucewa ta gaban allura ko ta bayanta. Na yi ta yi har hawaye ya rufe idon. Kashegari na shimfiɗa baƙin ƙyalle a cinya, na matse zaren tsakanin yatsu har sai ɗan kansa ya leƙo, na kawo allurar na ɗora a kai. Ya shiga. Haka nake yi har gobe.

Na baje ƙyallayen a tabarma a tsakar gida. Abin da kai ya manta, yadi ya tuna mini. Duk inda tsohon ɗinki ya bi ya bar huda, na bi hudar da farce ina gwada baki da baki har na gane maƙwabcin kowanne. Haɗawa ba ta ba ni wuya kamar askar ba. Inda gara ta ci babu huda, babu zane, babu komai. Na ɗauko sabon ƙyalle daga shafi na dasa, sai in ja doguwar aska a kansa da idon da ke lanƙwasa layi. Na miƙa zare daga wuya zuwa aljihu na kafe da allura, na bi shi da yatsa maimakon ido. Wurin karyawar nan da na manta a asibiti bai dawo mini ba. Na dubi 'yan'uwanta, na zaɓi ta ciki, na ce bismillah. Tsamiyar kuma iyakarta ke nan a kan kara. In na yi kuskure na warware, tsohon zare ba ya jure shiga biyu. Don haka kowane ɗinki sau ɗaya ne. Ina yin kaɗan da hantsi, idon ya fara ruwa in rufe. Wata rana faɗin farce kawai nake cikawa.

Ana saura kwanaki babbar Sallah na yanke zaren ƙarshe. Abin da ya rage a karan bai kai tsawon yatsa ba. Ban kai ta mabuga ba, don tsohuwar saƙi ba ta ɗaukar duka. Na ninke ta na danne a ƙarƙashin katifa. Na juya bayanta na shafa, babu ƙulli. Amma aska ba ta nuna gaskiyarta a shimfiɗe. Sai an sa riga a jiki, nauyinta ya sauko daga kafaɗa, sannan ake sanin ta miƙe ko ta karkace. Ko da an sa a gabana ma, idona ba shaida ba ne.

Malam ya ɗaure ta a bayan babur ya tafi Kurmin Kogi. Na zauna a bakin rijiya inda kuɓewa ta fara fure, ban tsinana komai ba har ya dawo bayan la'asar. Ban bari ya sha ruwa ba.

Na ce, "Ya sa?"

"Ya sa. A zaurensa, gaban ƙannensa."

"Me ya ce?"

"Ya yi ta shafa ƙirjin. Sannan ya ce a gaya miki Allah ya yi albarka."

"Askar wuya fa, Malam? Ta miƙe?"

Ya tsaya yana kwance igiyar babur. Ya ce, "Ta miƙe."

"Ka duba da kyau?"

"Na duba, Asabe. Ta miƙe sarai."

Malam manomi ne, bai san aska ba. Kuma shi ne yake goye da famfon ranar nan. Ko ta karkace kamar lauje, abin da zai faɗa mini ke nan. Alhaji Mamman kuma mutum ne mai kunya, ba zai aiko da ƙorafi gidan wadda ta rasa ido ba. Ya sa rigar ya je Idi, bai kai wata Sallar ba ya rasu, babban ɗansa ya tafi da ita kudu inda yake aiki. Ban sake ganinta ba. Har yau ban sani ba.